Tekun Hankon a Kasuwar Shinkafi

Duk faɗin ƙasar Zamfara, daga Kaura har bakin iyakar Nijar, babu wanda ya kai ni yawan kai mutane ƙasar waje. In aka tara waɗanda na raka Hankon, sai sun cika filin idi har wasu su bi salla daga kan katanga. Na kai manoma, na kai mahauta, na kai direbobi da karnukan motarsu, na kai wata tsohuwa daga Ɗan Isa wadda ko mota ba ta yarda ta shiga, kuma kowa na dawo da shi gida lafiya kafin la'asar. Ba fasfo, ba allura, ba amai.

Ni kuwa mai wannan cika baki, iyakacina Zariya, ita ma rakiyar marar lafiya ce ta kai ni. Jirgin ruwa ɗaya na taɓa shiga, na fito ne da damina, kuma tun daga wannan gaɓa har waccan idona a rufe yake, ina riƙe da wuyan rigar wani bawan Allah da ban san daga ina ya fito ba. Hankon ɗin da nake kai mutane labule ne, yadin akoko da na shafa wa fenti, wanda nake naɗewa in ɗaure a bayan babur. Sunana Garba mai hoto, amma in ka shiga Kaura ka tambayi Garba mai hoto za a ce wanne daga ciki. Ka ce Garba Hankon, sai a nuna maka har inda nake shan fura. Da labulen nan na ci abinci, da shi na yi aure, kuma akwai ranar da shi da sunana suka rataya a bakin mutum ɗaya, a tsakiyar kasuwa.

Ku samarin yanzu nake so ku saurara. Tun da aka ba mu jiha, duk yaron da ya sayar da buhun gero sai ya rataya 'yar kyamara a wuya, ya sa tabarau, yana bin gidajen biki yana cewa shi mai hoto ne. Wai sana'ar dannawa ce kawai. To ai ko akuya ta taka abin nan zai yi ƙyas.

Aikin farko da aka sa ni a gidan hoto shi ne ɗebo ruwa. Maigidana Baba Lasisi, wani Bayarabe mai tumbi da fara'a, shagonsa yana kusa da tashar jirgin ƙasa, nan inda dogo ya zo ya ƙare kamar ya gaji. Na daɗe a hannunsa ban taɓa kyamara ba. Ni ne wankin kwanuka, ni ne shanya hotuna a igiya, ni ne yanke gefensu da almakashi mai haƙora. Kwanon magani uku ne. Na farko yana kiran mutum ya fito a takarda, na biyu ya ce masa tsaya nan, na uku ya hana shi gudu. Da bazara maganin yakan yi zafi, in ba ka sanyaya kwalbar a randa ba, sai ka ɗauki mutum wankan tarwaɗa ya fito kamar gindin tukunya. Farcena har yau launin goro ne saboda kwanukan nan.

Kyamarar kuwa akwati ce mai ƙafa uku, da baƙin ƙyalle da kake tura kai ciki. In ka leƙa, mutum yana tsaye ne a kan hularsa, ƙafafu sama. Ka cire murfin ido, ka ja numfashi, ka mayar. Abin da zai fara fitowa juyayye ne: fuska fara fat, farar riga baƙa wuluk. Sai ka sake ɗaukar wannan takardar kafin mutumin gaskiya ya fito. Wani mutumin Dauran ya taɓa leƙo juyayyen hotonsa kafin in ɓoye, ya ga kansa da farar fuska da baƙaƙen haƙora. Bai tsaya takalmansa ba. An ce sai da ya wuce Zurmi ya tuna da mota ya zo.

Amma duk wannan ba shi ne wuyar aikin ba. Wuyar aikin fuska ce. Mutanenmu in sun zauna gaban kyamara sai ka ce gaban alƙali aka kawo su: hannu a gwiwa, wuya a sandare, ido a zare. Baba Lasisi yakan ce da ni, "Gariba, akwati ba ya ɗaukar hoto. Kai ne za ka fito da mutum daga inda ya ɓuya, akwati ya kama shi." Shi da fito da rawar kafaɗa yake fito da nasa. Ni Allah bai ba ni fito ba, baki Ya ba ni.

Da ya yaye ni, ya ba ni tsohon akwatinsa da wani labule mai hoton bene da tukwanen fure, na shiga bin kasuwanni, Kaura, Zurmi, Shinkafi, ana samun na cefane. Sai ga shekarar da damina ta yi mana rowa. Hadari ya taso baƙi ƙirin, mu kwashe shanya, ya yi mana ruri ya wuce. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Mutanen arewa suka gangaro da abin da ya rage musu na dabbobi, saniya ana sayar da ita kamar kaza. Takardar hoto ma ta yi wuya. Ko da akwai ta, wa zai biya a ɗaukar masa ƙashin wuya? Sai in kafa labule tun hantsi, in zauna ina korar ƙuda, in naɗe da yamma ba wanda ya ce mini ci kanka.

Wata ranar kasuwa a Shinkafi na fake wa rana a shagon Alhaji Ummaru mai agogo. A lokacin daga Kano yake saro kayansa, bai fara hawa jirgin sama ba, in ban da na Makka. Ana buɗe kwali, sai ga wata 'yar takarda mai sheƙi a naɗe a ƙasan agoguna, irin ta tallar yawon buɗe ido. Na warware ta. Ruwa ne shuɗi, ya shimfiɗu har ya haɗe da sama. A bakinsa gidaje dogaye sun tsaya kafaɗa da kafaɗa, bayansu dutse kore shar, kamar an rufa masa bargo. Ga wani jirgi mai jan filafilai kamar fiffiken jemage yana tafe shi kaɗai. Na daɗe ina kallo, har na manta da ƙishirwa. Alhaji ya ce in ɗauka, da ma ƙunshin ƙosai za a yi da ita.

Na kai wa akawun tasha a Kaura ya karanta mini. Ya ce sunan garin Hankon, can gabas da gabas, inda agoguna da tocila suke fitowa. Takardar tana gaya wa baƙo yadda zai ci hutunsa ne. Ya zo bayan damina, lokacin da zufa ta lafa kuma guguwar teku ta kwanta. Ya shiga jirgin fito ya ƙetare daga wannan gefen gari zuwa wancan. Ya hau wani ɗan jirgin ƙasa da ake ja da igiya har kan dutse, ya leƙo birnin daga sama. Ya ci kifi a gidan abinci da ke yawo a kan ruwa. Kuma kada ya rabu da laima. Garin da ake gargaɗin mutum kada ya rabu da laima! Mu a lokacin da za a yi mana ruwa, da ka za mu tare shi.

Na je wurin tela ya haɗa mini akoko, faɗinsa ya rufe bangon shago. Na bi masu fentin bodin manyan motoci na roƙi ragowar gwangwanayensu. Buroshi kuwa gashin wutsiyar jaki ne na ɗaure a kara, jakin ma bai ba ni da son ransa ba. Na kafa yadin a bayan gida ina shafawa, ina duban takarda, ina ƙarawa da abin da takarda ta manta. Da na gama, kajin gidanmu suka yini a gindinsa suna miƙa wuya.

Ranar da na fara kafa shi a Zurmi, mutane suka taru kamar an kawo kura. Ba wanda ya yi maganar hoto. Kallon ruwa kawai suke yi. A nan bakina ya buɗe, kuma a nan na gano sana'ata. Na ɗauki kara ina nunawa.

"Jama'a, wanga shi na Hankon. In kun sauka, kada ku yi gaggawa. Ku hwara tsayawa nan bakin ruwa, iska shi buge ku, wani sanyi-sanyi kamar an buɗe randa. Kun ga benen ga? Tsawonai, na sama sukan ga watan Salla su sha ruwa, na ƙasa na nan da azumi sai gobe. Wanga jirgi, akwai waɗanda ciki anka haihe su, ciki sunka yi aure, ƙahwarsu ba ta taɓa taka ƙasa ba. In anka sauke su tudu, juwa ka ɗibar su. In yunwa ta kama ku, ga gidan abinci nan bisa ruwa. Kai za ka nuna kihin da kake so shina iyo, a kamo maka. Amma da tsinke biyu aka ci, saboda haka Bazamfare shi tahi da guzurin ludayi."

Suka yi dariya, dariyar da na daɗe ban ji ba a shekarar. Wani mahauci ya ce, "To kai mu mana!" Na zaunar da shi a kujera, na ɗaura masa agogon aro, na tura kai cikin baƙin ƙyalle ina ci gaba da labari. Na hau da shi ɗan jirgin igiya, muna tafiya sama a hankali kamar guga a rijiya, itatuwa suna shafar taga, gari yana ƙanƙancewa a ƙasa. Ina kallonsa a gilashi, ƙafa sama, kai ƙasa. Kafaɗunsa suka sauko. Idonsa ya bar kyamara ya tafi wani wuri. Sai na cire murfi.

Wannan shi ne abin da ba a sayarwa tare da kyamara, samari. Kowane mutum da unguwar da za ka kai shi. Direba ka kai shi inda motoci masu bene suke bin dogo a tsakiyar titi. Tela ka kai shi layin da ake auna mutum da safe ya sa kwat da yamma. Tsohuwa kada ka hau da ita dutse, ka bar ta a bakin ruwa, ka gaya mata ba a zuwa rijiya a can. In ka ga leɓe ya saki, ka ɗauka. In ka ƙara kalma ɗaya, ya dawo Kaura.

Hoton da ya fi tsaya mini shi ne na Jaɓɓi, wani Bafillace daga wajen Jangeru. Dogo ne, siriri, da sanda a kafaɗa amma babu abin da yake kora. Garkensa duk ya tafi a farin nan. Ya yi kasuwa uku yana zuwa ya tsaya gaban labule, ba ya magana, ba ya zama. Ran nan ya matso.

"Kaɗo, wanga ruwa duka, ba mai shi?"

"Na Allah na, Jaɓɓi."

"To ina bisashe?"

Na duba labule. Gaskiyarsa. Ruwa har ruwa, babu ko tunkiya. Na ce suna can bayan dutse suna kiwo. Ya girgiza kai, ya ce ruwa irin wannan ba a barinsa haka nan. Ya kwatanta mini wata saniyarsa, fara mai ɗigon baƙi a wuya, ƙahonta na hagu ya ɗan karkace. Ya ce in na sa ta tana sha, zai ɗauki hoto. Na koma gida na zana ta a gefen dama, ƙafafunta na gaba cikin teku, bakinta a ruwa. Da ya gani, ya kira ta da sunanta. Ya ƙi kujera, ya tsaya kusa da ita ya ɗora hannu a gadon bayanta. Ban yi masa labari ko ɗaya ba, shi ya kai kansa.

Daga nan fa ƙofa ta buɗe. Wani manomin albasa ya ce ba hankali a bar gaɓa irin wannan babu lambu, na yanka masa fangali kore a ƙarƙashin benaye. Mata suka ce ina wurin wanki, na sa duwatsu da zannuwa a shanye. Liman ɗin wani ƙauye ya tambayi inda matafiyi zai yi salla, na tayar da hasumiya tsakanin dogayen gidaje. Aka samu rimi, aka samu raƙumi a durƙushe, aka samu mai shayi. Damina ta dawo, shekaru suka wuce, na sayi kyamarar rataya, hoto mai kala ya shigo muna aika fim Kaduna a wanko, amma labule yana nan, Hankon tana ta cika da mutanenmu. Da wuya ka shiga ɗaki tsakanin Kaura da Shinkafi ba ka ga wani yana tsaye a bakin tekuna ba. Kowa ya san ƙyalle ne. Abin da suka yarda da shi shi ne akwai garin, kuma haka yake, domin Garba ya faɗa.

Sai Alhaji Ummaru ya bunƙasa, ya ce ya gaji da cin ribar Kanawa, zai je inda ake ƙera agogon da kansa. Ya tafi Hankon ta gaskiya, ya dawo.

Akwai wani abokin sana'a, Ɗan Ige, mai labulen jirgin sama, wanda ya daɗe yana kallon layin mutanena yana haɗiyar yawu. Shi ya bi rumfa rumfa yana shela cewa ranar kasuwa mai zuwa za a kawo Alhaji gaban labulen Garba, a ji ko Hankon ce ko tatsuniya. Ya same ni ina kafa sanduna, ya ce, "Abokina, yau dai jirginka ya zo gaɓa. In anka gama, ka sai man yadin, in yi wa jakina akumari."

Na san abin da ke gabana. Kasuwar Shinkafi ba ta mantuwa. In Alhaji ya yi dariya sau ɗaya, kafin magariba yara sun yi mini waƙa, kafin sati hotunan nan sun sauka daga bango, ni kuma in koma ɗaukar fasfo a bakin asibiti. Na yi tunanin in naɗe in ce zazzaɓi ya kama ni. Kafin in kwance igiya ɗaya, sai ga taro ya nufo ni, Alhaji a gaba cikin farar shadda, Ɗan Ige yana share masa hanya kamar shi ya biya kuɗin jirgin.

Alhaji ya tsaya. Ya duba benaye, ya duba lambun albasa, ya duba mai shayi. Ya daɗe a kan raƙumi. Na ga gefen bakinsa yana rawa, dariya tana neman kuɓuce masa, na ce shi ke nan, Garba, ka fara neman wata sana'a. Har masu awo suka bar mudu suka juyo.

"To, Alhaji," in ji Ɗan Ige, "kai ka gani da idonka. Hwaɗa muna gaskiya."

Kafin Alhaji ya buɗe baki, wani ya ratso taron da sanda a kafaɗa. Jaɓɓi ne, ya yi furfura, ya ɗan tara wasu 'yan shanu a shekarun nan. Bai dubi kowa ba sai Alhaji.

"Alhaji, barka da hanya. Abu guda nika tambaya. Ruwan, shina nan kamar yadda Kaɗo yas sa shi? Shina isar bisashe?"

Alhaji ya dubi Jaɓɓi, ya dubi farar saniyar da ke gefen dama, ya sake duban Jaɓɓi. Rawar bakin nan ta tsaya.

"Jaɓɓi," ya ce, "ruwan da nig gani, da za a tara shanun duniya duka, da na Hilani da na Buzaye, su kahwa kai shekara guda, ba su rage shi da taƙi ɗaya."

Jaɓɓi ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "Madalla." Ya juya ya tafi abinsa.

Ɗan Ige ya ce, "A'a, Alhaji, ba ruwa muka tambaya ba. Garin hwa? Haka shike?"

"Kai Ɗan Ige, ni sayen agogo yak kai ni. Daga masauki sai sito, kaina cikin kwali, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Garba ya hi ni ganin gari." Ya tattara rigarsa ya zauna a kujerata. "Ɗauke ni, Garba. Na tahi na dawo ban yi hoto ko guda ba."

Kasuwa ta ɗauki sowa. Kafin in gyara kyamara layi ya kai rumfar masu gishiri, Ɗan Ige kuwa ya tuna yana da aiki a wani wuri. Kaina ya kumbura har hula ta matse ni. Na matsa kusa da Alhaji ina gyara masa wuyan riga, na rage murya.

"Ranka shi daɗe, tsakaninmu. Ashe dai na kamo ta?"

"Ruwan gishiri na, Garba," ya ce, yana murmushi wa jama'a, leɓensa da ƙyar yake motsi. "Ko raƙumi ba shi kai baki."

"To, ban da wannan. Ai dai akwai inda nid dace."

Ya waiwaya, ya bi labulen da ido tun daga ƙasa har sama. Sai ya nuna can ƙuryar hagu, wani wuri da rufin ɗakina ya yi yoyo a kai, fenti ya jiƙe ya dame ya zama toka-toka kamar gari a cikin hazo da ruwan sama, ba a gane komai.

"Ka ga inda ɗigon ruwa yal lalata maka? Nan kaɗai na Hankon. Sauran duk Shinkahi ta, ka dai ƙara mata ruwa."